Gari a Bakin Kogi: Ina Gida, Ina Kasuwa, Ina Mashaya?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na makon jiya, mun rubuta shi don wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji yake son ya ajiye.

Kiran waya biyu ne suka jawo maganar. Na farko wani dattijo ne makiyayi. Ya ce ya gangaro da shanunsa mashayar da mahaifinsa ke shayarwa tun yana yaro, sai ya tarar an ja katanga har bakin ruwa, an sa ƙofar ƙarfe. Ya tambaye mu, shin kogi ma ana sayar da shi ne? Na biyu wata hajiya ce mai fataucin albasa. Ta ce ta sauke buhuna a inda kwale-kwale ke tsayawa, cikin dare ruwa ya ƙaru, kafin asuba rabin kayan sun jiƙe. Baba da Hajiya ba su san juna ba, amma ciwonsu ɗaya ne: ba a tsara gaɓar kogi ba, ko kuma an tsara ba a tambaye su ba.

Kogi shimfiɗa biyu gare shi

Abu na farko da masu tsara birane ke dubawa shi ne, kogi ba wuri ɗaya yake kwana ba. Akwai inda yake kwanciya da rani, wato tsakiyar kwarinsa. Akwai kuma inda yake miƙe ƙafa idan ya cika, wato fadamar da ke gefe da gefe. Wannan fadama tasa ce, ko ya shekara ashirin bai taka ta ba. Wanda ya gina ɗaki a cikinta, a shimfiɗar kogi ya kwana, kuma ranar da mai wuri ya dawo ba ya yin sallama.

Mu ɗauki kogin Kwara, wanda a Nijar ake kira kogin Isa. Tsawonsa kusan kilomita 4,200 ne, daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya raba Gaya da Malanbil, ya shiga Najeriya ta jihar Kabi har ya faɗa teku. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko a watan Agusta zuwa Satumba, ruwan damina ne da koguna irin su Sirba da Dargol da Gorwal ke kwasowa daga wajen Burkina Faso. Ruwan ja ne saboda ƙasar da ya ɗebo, kuma zuwansa da gaggawa ne, cikin ƴan kwanaki sai ka ga ya hau. Cika ta biyu ita ce ta Gini. Ruwan yakan daɗe a hanya, ya bazu cikin fadamun Mali, sai wajen Disamba zuwa Janairu ya iso Yamai a hankali, lokacin ana cikin ɗari. Cikar farkon nan, jan ruwa, ita ce ta fi yin ɓarna a shekarun nan.

Me ya sa? Ba yawan ruwan sama kaɗai ba ne. An sare itace, an nome daji, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan da a da yake nutsewa ƙasa, yanzu gudu yake yi kai tsaye zuwa korama, korama ta miƙa wa kogi tare da yashi. Yashi ya cike cikin kogi, wurin da zai ɗauki ruwa ya ragu. Kwarya ce aka zuba wa ƙasa har rabi, sannan aka ce ta ɗauki ruwan da ta saba ɗauka.

Abin da ya faru a Yamai

Kafin 1970, hayin kogi a Yamai ƙauyuka ne da gonaki da wurin kiwo. A shekarar ne aka buɗe gadar Kennedy. Da gada ta samu, sai gari ya tsallaka. Jami'a ta zauna can, unguwanni suka yi ta fitowa a yankin da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku kuma mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021.

To, girman garin ya zo daidai da shekarun fari. Manyanmu ba su manta da 1973 da 1984 ba. A lokacin kogi ya janye, fadamu sun bushe, mutanen da fari ya koro daga karkara suna neman inda za su kafa bukka. Filin da ya fi araha shi ne na kwari. Aka saya, aka gina, aka haifi ƴaƴa, har aka manta wurin na ruwa ne.

A 2012 kogi ya tuna musu. A Satumbar 2020 kuma ya yi cikar da ba a taɓa aunawa a Yamai ba. Ma'aunin da ke bakin kogi, idan ruwa ya kai santimita 620 ake shelar babban haɗari. A shekarar ruwa ya kai wajen mita 7. Ganuwar ƙasa da aka yi don tare shi, wadda ake kira dig, ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoye, ya cinye gonakin shinkafa, gidajen laka suka narke. Dubban iyalai suka koma makarantu da sansani.

Akwai darasi na biyu a nan. Bayan ambaliya hukuma takan ba mutane filaye a kan tudu, nesa da kogi. Amma wasu sukan koma inda suka baro. Kada a yi saurin cewa taurin kai ne. Masunci da mai lambu da mai wanki da mai fito, abincinsu a bakin ruwa yake. In ka kai mutum inda babu ruwan sha, babu kasuwa, kuɗin mota kullum ya fi abin da yake samu, to ka raba shi da ambaliya ka haɗa shi da yunwa. Shi ya sa masu tsari ke cewa, ba a tayar da unguwa sai an tanadi hanya da ruwa da sana'a a inda za ta koma.

Yadda ake raba gaɓa

Tsari mai kyau yakan raba bakin kogi hawa uku, kamar matakala.

Hawa na farko shi ne wanda ke manne da ruwa. Wannan na kowa ne, ba a sayarwa, ba a katangewa. Ba sabon abu ba ne: tun zamanin mulkin Faransa, dokar 1928 ta ware mita 25 a kowace gaɓa ta kogin da jirgi ke bi, ta ce hanyar jama'a ce. A nan ake sa tashar kwale-kwale, wurin wanki, mashaya, da hanyar ƙafa. A nan ne kuma ake dasa itatuwa da ciyawa masu riƙe ƙasa don kada gaɓa ta zabge.

Hawa na biyu shi ne fadamar da ruwa ke hawa wasu shekaru. Ba a barinta kango, don filin da aka bari haka nan, gobe wani zai yanka shi fegi-fegi. Ana ba ta aikin da ruwa ba zai kashe ba: shinkafa, lambun rani, ciyawar burgu ta dabbobi, filin ƙwallon yara, filin Idi, kasuwar rani mai rumfunan zana da za a iya kwashewa. In ruwa ya zo ya kwana biyu ya tafi, asarar kaɗan ce, har ma ya bar taki.

Hawa na uku shi ne tudu, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Nan ne wurin gidajen kwana, asibiti, makaranta, sito na hatsi, da maƙabarta.

Wani zai ce, ai sai a yi dig a huta. Dig tana da amfani, amma tana da sharri uku. Na ɗaya, yadda take hana ruwan kogi shigowa, haka take hana ruwan sama na cikin unguwa fita. In babu ƙofofin da ake buɗewa da rufewa, da injin janye ruwa, unguwa sai ta zama tafki daga ciki. Na biyu, tana son kulawa kullum. Mai ɗibar ƙasa a gindinta don yin tubali, da mai huda ta ya ja ruwa zuwa lambunsa, da ramin gafiya, duk ƙofa suke buɗe wa ambaliya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, tana sa mutane su saki jiki, su ƙara gini a bayanta, ranar da ta karye ɓarnar ta ninka.

Haka magudanan cikin gari. Koramar da ta ratsa unguwa, kamar Guntu Yena a Yamai, hanyar ruwa ce zuwa kogi. In an cika ta da shara da leda, ko an gina a kanta, ruwa zai nemi wata hanya, kuma sau da yawa ta tsakar gidan mutum yake bi.

Rabon makiyayi

Baba da ya kira mu, ga amsarka. A Nijar, dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, burtali kuma dukiyar jama'a ce, ba a nome shi, ba a gina a kansa. Ƙasashen yammacin Afirka ma sun yi yarjejeniya a 1998 kan tsallaka iyaka da dabbobi, da takardar shaidar da makiyayi ke riƙewa. Amma ga inda gizo ke saƙa: burtalin da ya taho tun daga daji, ya zo bakin gari ya mutu, bai kai ruwa ba, ba shi da amfani. Kuma burtalin da ba ya cikin taswirar magajin gari, a wurin mai yanka filaye babu shi, ko kakanninka sun shekara ɗari suna bi.

Don haka abin nema guda uku ne. A sa burtali da mashaya cikin taswira, a kafa musu turakun siminti da kowa zai gani. A bar faɗin da garke zai wuce ba tare da ya faɗa lambun wani ba, don yawancin rigimar manomi da makiyayi a bakin ruwa daga ƙuncin hanya take tashi. Sannan a sa mashayar dabbobi a ƙasa da inda mutane ke ɗibar ruwan sha, ta gefen da ruwa ke gangarawa, a shimfiɗa mata duwatsu don kada shanu su kafe cikin laka. A Nijar akwai kwamitocin kula da filaye da ake kira kofo, tun daga ƙauye har zuwa sama, kuma makiyaya na da kujera a ciki. Kujerar da ba a zauna ba, wani ke magana a madadinta.

Rabon ɗan kasuwa

Hajiya, ke kuma abin da ya kamata a samu a tasha shi ne dakalin siminti mai hawa-hawa, yadda jirgi zai iya tsayawa ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu. Sito da rumfar ajiya su kasance sama da alamar ruwa mafi tsawo da aka sani a wurin. A raba inda ake lodin dabbobi da inda mata da yara ke shiga jirgi. A samu fitila, da makewayi nesa da ruwa, da mai ƙidaya mutane da kaya kafin jirgi ya tashi, don yawan lodi da tafiyar dare sun sha cin rayuka a kogin nan.

Kar a manta da hanyar da ta haɗa tasha da babban titi. Direbobinmu sun tuna 2022 a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ruwa ya hau kan titin Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a layi, kayan gwari suka ruɓe, dabbobi suka galabaita cikin mota. Wuri ɗaya mai kwari a kan hanya ya isa ya tsayar da cinikin ƙasa guda.

Kafin ka sayi fili ko ka kafa rumfa

Je ka ga wurin a watan Agusta ko Satumba, ba cikin bazara ba. Duba jikin tsofaffin bango da gindin itatuwa, ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya. Tambayi tsofaffin masunta da masu fito, su ne suka san inda kogi ya kai a shekarun baya. In ka ga ƙasa baƙa mai tsagewa da rani, ka san ruwa na kwana a nan. In fili ya yi araha fiye da na maƙwabta, tambayi dalili. Je ofishin magajin gari ko na ƙaramar hukuma ka tabbatar wurin ba burtali ba ne, ba hanyar ruwa ba ce. Takardar mai unguwa ba ta hana ruwa shiga ɗaki.

In kuma kun ji za a yanka sababbin filaye a bakin kogi, kada ku jira sai an kafa turaku. Ƙungiyar makiyaya da ta ƴan kasuwa da ta masunta su tafi tare, da buƙatarsu a rubuce. Gyara a kan takarda alƙalami kawai yake ci, amma bayan an zuba siminti sai kotu da rigima. Kogin nan ƙasashe tara ke tarayya a kansa, har suna da hukuma guda mai hedikwata a Yamai. In ƙasashe tara za su zauna a kan ruwa ɗaya, mutanen gari ɗaya ba su da hujjar kasa zama.

A shiri mai zuwa za mu duba maganar rigar ruwa da lodin kwale-kwale. Wanda ya san wata mashaya da aka toshe, ko wadda aka yi nasarar buɗewa, ya kira mu ya ba mu labari, ko wani gari zai koya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyarmu daga sharrin ruwa. Mu kwana lafiya.