Wa Ya Fi Cancantar Kujerar Ɗakin Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwamfuta na jami'a idan jarrabawa ta ƙarato ya san wannan yanayi. Kujeru sun cika, wata ɗaliba na tsaye a bakin ƙofa da aikin da za ta miƙa kafin la'asar, can a kusurwa kuwa samari uku sun toshe kunnuwa suna fafatawa a wasan ƙwallo ta intanet. Ba su zagi kowa ba, amma sun tauye mata haƙƙi.

Wasa a kan kwamfutar makaranta tsohon al'amari ne. A shekarar 1962 wasu masu sha'awar kwamfuta a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka suka ƙirƙiri wasan Spacewar! a kan na'urar PDP-1 ta makarantar, kuma a 1972 aka yi gasarsa a Jami'ar Stanford. Daga baya wasu jami'o'in can suka zaɓi raba gari: a 2016 Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta buɗe zaure na musamman domin wasannin, daban da ɗakunan karatu.

A Najeriya lissafin ya fi tsauri. Da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna an samar da su ne da kuɗin asusun TETFund, wato harajin ilimi da kamfanoni suka biya, kuma sau da yawa man janareta ke riƙe da su. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, jami'o'i da dama suka bi sahu. Ɗan talakan da bai mallaki kwamfuta ba, nan ne kaɗai zai koyi sarrafa ta. Kayan jama'a amana ne, kuma ita ce ma'aunin da ya kamata a fara ɗauka.

Masu kula da ɗakunan sun san inda gizo ke saƙar. Buga wasan kansa ba ya cin data sosai. Abin da ke durƙusar da intanet shi ne sauke wasannin da sabunta su, wanda kan kai gigabait gommai, da kuma kallon bidiyon masu wasa kai-tsaye. Manhajojin da aka sato kuma sukan shigo da ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Haramtawa baki ɗaya ba kasafai take ɗorewa ba, domin ɗalibai kan zagaye shingen da manhajar VPN. Abin da ya fi tasiri shi ne ƙa'ida bayyananniya: kowa ya shiga da lambarsa ta ɗalibi, a ƙayyade masa lokaci, mai aikin karatu ya riga mai wasa samun kujera, a kuma rufe wasanni a makonnin jarrabawa. Manhaja irin Deep Freeze tana goge duk abin da aka ɗora da zarar an sake kunna na'ura. Shafukan caca kuwa ba su da gurbi ko na minti ɗaya, haka ma akwatunan sa'a da ake saye a cikin wasu wasanni, waɗanda hukumomin Beljiyam suka ɗauka a matsayin caca a 2018.

Akwai kuma ɗalibin da matsalarsa ta wuce ta kujera. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka. Alamominta su ne kasa kame kai, fifita wasa a kan sauran al'amura, da ci gaba da shi duk da cutarwarsa, yawanci har tsawon wata 12. Irin wannan yaro nasiha da kulawa yake buƙata kafin horo. Idan iyaye suka ga sakamako na ja da baya, barci ya rikice, salla ta fara kuɓucewa, to su zauna da shi tun rana ba ta faɗi ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanya albarka a lokacinsu.