Idan fulogin ya ƙi buɗewa: abin da ya kamata a duba kafin a goge kwamfuta

A ƙananan situdiyon kiɗa na Maraɗi da Damagaram, inda ake haɗa waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo, akwai wata matsala da ta saba tasowa a ranar da aka fi gaggawa. Mai haɗa sauti ya buɗe FL Studio, ya kira fulogin ɗin da yake gyara murya da shi, sai ya tarar babu shi a jeri, ko kuma wani ɗan akwati ya fito yana cewa "VCRUNTIME140.dll est introuvable". Dangin amarya na jiran waƙa, an riga an karɓi kafin alƙalami, ga aiki ya tsaya cik.

Abin da da yawa ke yi a nan shi ne ɗaukar kwamfutar zuwa wurin mai gyara a goge komai a sake ɗora Windows. Sau da yawa tsoffin ayyuka na tafiya tare da gogewar, kuma matsalar ta dawo da zarar an mayar da fulogin ɗin, domin tun farko ba a taɓa tushenta ba.

Me ke hana fulogin tashi?

Fulogin ƙarin manhaja ne da ke aiki a cikin wata babbar manhaja. A fagen kiɗa an fi sanin tsarin VST, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1996. Wanda ya rubuta fulogin ba ya rubuta komai da hannunsa. Yakan jingina aikinsa da wasu fayiloli da aka riga aka tanada, waɗanda a Windows sunansu ke ƙarewa da DLL. Lokacin da babbar manhajar ta kira fulogin, Windows na bin jerin waɗannan madogarai ɗaya bayan ɗaya. Idan ko guda ya ɓace, fulogin ɗin gaba ɗaya ba zai tashi ba, ko da shi kansa lafiyarsa ƙalau.

Wannan ne ya sa fulogin da aka kwafo daga kwamfutar aboki ta kile ɗin USB kan yi aiki a can ya ƙi a nan. An kwafo fayil ɗin, amma madogaransa na can cikin Windows ɗin abokin. Haka ma kwamfutocin hannu da ƴan uwa ke aikowa daga ƙetare, waɗanda akan goge a ɗora musu sabuwar Windows kafin su iso: sukan zo babu waɗannan fayiloli.

Sunan fayil ɗin na faɗin maganinsa

Mafi yawan fayilolin da ke ɓacewa na cikin wani kunshi na kamfanin Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable, wanda kyauta ake saukewa daga shafin kamfanin. Lambar da ke cikin sunan fayil ɗin ita ke nuna kunshin da ake buƙata. MSVCR100 na 2010 ne, MSVCR110 na 2012, MSVCR120 na 2013. Duk wanda ke ɗauke da 140, kamar MSVCP140 da VCRUNTIME140, yana cikin kunshi guda da ya haɗa daga 2015 zuwa 2022. Sabon kunshin ba ya maye gurbin na 2013 ko na 2010, don haka ganin su jere da yawa a cikin kwamfuta ba laifi ba ne. Masu cire tsoffin da nufin samar da wuri sukan karya wata manhajar ba tare da sun sani ba.

Kowane kunshi kuma iri biyu ne: x64 na manhajoji masu bit 64, da x86 na masu bit 32. Abin da ake dubawa shi ne nau'in fulogin ɗin, domin tsohon fulogin mai bit 32 na buƙatar x86 ko da Windows ɗin mai bit 64 ce. Mafi sauƙi shi ne a ɗora duka biyun. Akwai kuma manhajojin da suka daina karɓar fulogin mai bit 32 kwata-kwata, kamar Cubase tun daga na 9 da Ableton Live tun daga na 10. A nan babu kunshin da zai taimaka, sai an nemo sabon nau'in fulogin ɗin.

Bayan an ɗora kunshin, sai a kashe kwamfuta a kunna, sannan a sa manhajar ta sake binciken fulogin. Wannan mataki na da muhimmanci, domin manhajar kan tuna waɗanda suka gaza a baya ta tsallake su. A FL Studio, cikin Plugin Manager akwai zaɓin sake duba waɗanda suka ba da kuskure.

Tarkon shafukan DLL

Wanda ya rubuta sunan fayil ɗin a Google zai ga shafuka birjik da ke ba da DLL guda ɗaya a saka cikin System32. Hanya ce mai haɗari. Babu tabbacin cewa ba a cusa wa fayil ɗin ƙwayar cuta ba, kuma ko da mai tsabta ne, shi ma yana da nasa madogaran. Ga kuma wani ruɗani da Windows kanta ta haifar: a Windows mai bit 64, jakar System32 ta fayilolin bit 64 ce, yayin da na bit 32 ke cikin SysWOW64. Saka fayil a inda bai dace ba na daga cikin abubuwan da ke jawo kuskuren nan mai lamba 0xc000007b.

Idan fulogin ya ƙi tashi ba tare da ya faɗi abin da ya rasa ba, akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Dependencies a shafin GitHub. Ana jefa mata fayil ɗin fulogin, ita kuma ta jero duk abin da yake nema tare da nuna wanda ba a samu ba. Masu aiki da Linux na samun wannan bayani da umarnin ldd.

Ba masu kiɗa kaɗai ba

Ɗalibai da ma'aikatan ƙungiyoyi da ke zana taswira da QGIS na haɗuwa da irin wannan matsala ta wata fuskar. Yawancin fulogin ɗin QGIS da harshen Python aka rubuta su, kuma saƙon da ke fitowa shi ne "No module named", sai sunan abin da ya ɓace ya biyo baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora abin a cikin wani Python daban da ke kwamfutar, alhali QGIS na Windows na zuwa da nasa. Dole a buɗe OSGeo4W Shell a yi amfani da umarnin pip daga can.

Su ma masu gina shafukan intanet da WordPress sun san ta. Elementor Pro ba ya aiki sai da Elementor na kyauta, kuma ƙarin manhajojin shagon intanet da yawa na jingine da WooCommerce. Tun daga WordPress 6.5 da ya fito a watan Afrilun 2024, fulogin na iya bayyana waɗanda yake dogaro da su, kuma tsarin na hana kunna shi har sai an ɗora su.

Tsoffin Windows

Akwai inda gyaran ke da iyaka. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. A kan Windows 7, saƙon da ke ambaton api-ms-win-crt-runtime na nufin an rasa sabuntawar KB2999226, kuma ɗora ta kan magance shi. Amma sabbin fulogin da yawa na neman abubuwan da tsohon tsarin ba shi da su sam, don haka karanta sharuɗɗan fulogin kafin a kashe kuɗin data wajen sauke shi na rage asara.

Ga mai situdiyo ko mai shagon gyara, dabarar da ta fi arha ita ce a sauke kunshin Visual C++ na kowace shekara sau ɗaya, x86 da x64, a adana su a kile tare da ainihin manhajojin ɗora fulogin. Sannan duk lokacin da saƙon kuskure ya fito, a ɗauki hotonsa da waya kafin a rufe shi, domin sunan fayil ɗin da ke ciki shi ne abu na farko da mai gyara zai tambaya.