Ciwon hawan tsauni: abin da ya kamata ka sani kafin ka nufi Kilimanjaro

Tsaunin Kilimanjaro da ke ƙasar Tanzaniya shi ne mafi tsayi a Afirka, mita 5,895 sama da teku. Hawansa ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa, da ƙafa ake takawa har ƙololuwa. Shi ya sa kamfanonin yawon buɗe ido ke tallata shi ga waɗanda ba su taɓa hawan dutse ba. Za a haɗa ka da ɗan jagora, don dokar wurin ba ta yarda mutum ya hau shi kaɗai ba, 'yan dako kuma su ɗaukar maka kaya. Amma abin da ya fi mayar da mutane baya ba gajiyar ƙafa ba ce, ƙarancin iska ne.

Yadda ciwon ke samuwa

Duk lokacin da aka ƙara yin sama, iska na ƙara tsinkewa. A ƙololuwar Kilimanjaro, oksijin ɗin da mutum ke shaƙa a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne. Jiki na iya sabawa: numfashi zai ƙaru, zuciya ta ƙara sauri, ƙoda ta daidaita sinadaran jini. Sai dai wannan aikin kwanaki ne. Idan hawa ya riga sabo, ciwo ya samu.

Yawanci matsalar na farawa ne daga mita 2,500. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan ko wanda ya hau shi bai san yadda jikinsa zai yi a mita 4,000 ba. Ƙarfin jiki ma ba kariya ba ne. Matashi mai buga ƙwallo kullum na iya kwantawa, dattijon da ke tafe a hankali ya wuce shi, sau da yawa don mai ƙarfin ya fi gaggawa.

Alamomi

Alamar farko ciwon kai ne, sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa sabon zango, tare da tashin zuciya, rashin son abinci, jiri ko kasala. Wanda ya ji haka kada ya ƙara hawa. Ya huta a inda yake, ya sha farasitamol da ruwa daidai ƙishi. Idan bai ji sauƙi cikin kwana ɗaya ba, ya sauka.

Akwai yanayi biyu da ke kisa. Na farko kumburin ƙwaƙwalwa: mutum ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya bugu, ya ruɗe, ya yi ta magagin barci. Gwajinsa mai sauƙi ne, a ja layi a ƙasa a ce ya bi, diddige na taɓa yatsu. In ya kasa, magana ta ƙare. Na biyu taruwar ruwa a huhu: haki ko yana zaune, tari, wani lokaci da kaki mai kumfa da alamar jini, leɓɓa su sauya launi. Duka biyun maganinsu sauka nan take, ko da tsakar dare ne, kuma da rakiya. Saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi ƙwarai. Oksijin na kwalba da magunguna irin su dexamethasone da nifedipine na taimakawa a hanya, ba sa maye gurbin saukar.

A nan ne ake yawan kuskure. Mutum ya kashe kuɗi masu yawa, 'yan uwa na jiran hoto, sai ya ɓoye wa ɗan jagora ciwon kansa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura kuwa shi ne na ƙarshe da zai gane hakan, don haka abokan tafiya su riƙa lura da juna.

Kwana nawa za ka saya?

Ƙa'idar likitoci ita ce, bayan mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, sannan a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Gajerun tafiye-tafiyen Kilimanjaro sun saɓa wa wannan. Hanyar Marangu ta kwana 5 ta fi araha, amma a ganinmu ba ta dace da sabon shiga ba. Machame ta kwana 7 ko Lemosho ta kwana 8 sun fi ba jiki dama. Ka tambayi kamfanin ko suna tafiya da oksijin da na'urar auna shi a yatsa, da kuma yadda suke sauko da marar lafiya.

Ganin likita kafin tafiya

Mu a nan, tambaya ta farko ita ce sikila. Mai SS ko SC bai kamata ya yi wannan tafiya ba, don ƙarancin oksijin na lanƙwasa ƙwayoyin jini su toshe hanyoyinsa. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa lau, shi ma yana iya samun toshewar jini a saifa idan ya yi sama sosai. Alamarta ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Wanda bai san ko shi AA ne ko AS ba, ya yi gwaji tun kafin ya biya kuɗin tafiya. Masu ciwon zuciya, ciwon huhu, hawan jinin da bai daidaita ba da mata masu juna biyu, duk sai sun zauna da likita.

Likita na iya rubuta acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, yawanci miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana guda kafin hawa. Yana hanzarta sabon jiki, amma yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, lemon kwalba ma ya sauya ɗanɗano a baki. Wanda maganin rukunin salfa ya taɓa yi wa illa ya faɗa wa likita tun da wuri. Giya da ƙwayoyin barci kuwa suna rage numfashi cikin dare, a bar su har sai an sauko.