Ko Ka San Na'urar da Ke Sa Busasshen Jini Ya Ba da Shaida?

Ko ka san akwai na'urar da za a kai mata ɗigon jinin da ya shekara talatin a jikin riga, ta taimaka a gano mai shi? Masana na kiranta PCR, kuma ita ce ƙashin bayan gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA.

Allah Ya sanya wa kowane ɗan Adam tambarinsa a cikin jini da yawu da saiwar gashi da ƙashi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Matsalar masu bincike ita ce abin da ake samu a wurin da aka yi ta'asa ba ya taka kara ya karya. Aikin na'urar shi ne ta riɓanya shi, kamar yadda manomin Minjibir ke shuka tiya guda ya cika rumbu.

Ana zuba samfurin a 'yan mitsi-mitsin kwalabe tare da sinadarai. Na'urar ta ɗumama su zuwa maki 95, igiya biyu ta DNA ta warware. Ta sauko wajen maki 55, sinadarin da ke nuna inda za a kwafa ya manne. Ta hau maki 72, kowace igiya ta sami sabuwar abokiya. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Kafin zagaye na 30 ya cika, cikin 'yan sa'o'i, an doshi kwafi biliyan ɗaya. Kary Mullis na Amurka ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1993.

Kanawa ba baƙin wannan gwaji ba ne. Bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, an yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Da gwajin DNA aka tantance masu neman diyya, kuma a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

A Amurka an ƙara gaba. Ana kwatanta DNA ɗin wanda ake nema da na danginsa na nesa, a bi salsala har a iso kansa. Ta haka aka kama wani makashi mai suna Joseph DeAngelo a Kalifoniya a 2018, fiye da shekara 30 bayan kisansa na ƙarshe da aka sani. Sai dai aikin na cin dubban daloli, kuma ba kowane ofishin 'yan sanda ke da su ba. Nan masu hannu da shuni suka shigo. A 2020 wata mata mai suna Ashley Flowers ta kafa gidauniyar Season of Justice a Indiyana, tana biyan kuɗin gwaji a shari'o'in da aka daɗe da jingine su.

Mu fa? Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. A nan Kano kuwa ba mu manta da yara tara da aka sace, waɗanda 'yan sanda suka ceto daga Anaca a 2019 ba, kuma har yau akwai iyayen da ke kwana da hoton ɗansu a hannu. Yaron da aka sace yana ɗan shekara uku zai iya manta sunansa da harshensa, amma jininsa na nan yadda yake, kuma shi zai haɗa shi da mahaifiyarsa.

Attajiranmu sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka musu da alheri. Muna roƙon su ware wani abu a matsayin waƙafi, a sayi irin waɗannan na'urori, a horar da matasanmu, a biya wa talaka kuɗin gwaji. Share hawayen uwar da ta rasa ɗanta ma sadaka ce mai gudana.