Daga Kano zuwa Jidda: nisa ɗaya, lokaci iri-iri

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, in an auna a miƙe. Jirgin fasinja kuwa, idan ya daidaita a sama, yana cin kusan kilomita 850 a awa guda. Mai lissafi zai ce tafiyar awa huɗu ce. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa: akwai gangarawa zuwa titin tashi, da hawa, da rage gudu kafin sauka, wani lokaci ma da shawagi ana jiran izini. Shi ya sa aka saba ƙiyasta awa huɗu da rabi zuwa biyar. Iskar da ke can sama ita ma tana da ta cewa, domin in ta bi bayan jirgi takan rage masa mintuna, in ta tare gabansa ta ƙara.

Abin da ya fi rikita maniyyata shi ne agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, kuma tikiti yana rubuta kowane lokaci ne da agogon garin da ake magana a kai. Wanda ya tashi Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda wajen 4:30 na asuba, sai ya ɗauka ya yi awa shida da rabi a sama. A dawowa kuma, in ya baro Jidda da 10 na safe, sai ga shi a Kano da 12:30 na rana. Tafiyar dai ita ce, agogon ne ya bambanta.

Layin da ya miƙe ya ratsa samaniyar Chadi da Sudan kafin ya tsallake Bahar Maliya, kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, suna shafe shekaru, har wasu suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyarta ana gab da jigilar alhazan shekarar. Dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. A ganina bai kamata a bar tsoho ko tsohuwa su shiga jirgi ba tare da an faɗa musu tsawon zaman da ke gabansu ba, musamman masu ciwon suga da masu shan magani a kan lokaci.

Don haka maniyyaci, kafin ranar tashi ka tambayi jami'an alhazai awa nawa tafiyar za ta ɗauka da kuma inda za a sauka, Jidda ko Madina. Ka ajiye maganinka a jakar hannu, kuma da zarar an sauka ka tura agogonka gaba da awa biyu saboda lokutan salla. Allah Ya kai lafiya.