Matakalar Bene Ita Ce Hanyar Tsira: Abin Da Masu Hayar Ofis Ya Kamata Su Duba

Gobarar da ta tashi a ginin Afriland da ke titin Broad a Ikko ranar 16 ga Satumba, 2025, ta halaka mutane goma, alhali ginin bai kai hawa goma ba. Wutar ta faro ne daga ɗakin ajiye batura da ke ƙarƙashin ginin, sai hayaƙi ya bi ya cika hawa-hawa, har wasu ma'aikata suka riƙa fita ta taga.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Ginin NET mai hawa 32 a Marina ya kama wuta a 1983, haka ma Cocoa House mai hawa 26 a Badun a 1985. Abin da ya ƙaru shi ne, rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa kamfanoni suna jibge janareto da man dizal da batura a gindin bene, wato kusa da inda matakala take saukowa.

A dogon bene, hayaƙi ne ke riga wuta kai wa ga mutane. Lifta ba abin dogaro ba ce, domin tana iya tsayawa da mutum in wuta ta ɗauke. Tsanin galibin motocin 'yan kwana-kwana kuwa da wuya ya wuce hawa na goma. Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin haya, ya dace ya taka matakalar da ƙafarsa har ƙasa. Shin biyu ce, nesa da juna? Ƙofofinta na rufe kansu don tare hayaƙi? Akwai fitilun da ke kamawa in an ɗauke wuta? Sau da yawa za a tarar an garƙame ƙofar fita da kwaɗo don tsoron ɓarayi, ko an mai da matakalar sito, kuma wannan ganganci ne.

Sai atisaye, wanda manajoji da dama ke ɗauka ɓata lokacin aiki ne. Bayan harin bam na 1993 a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York, shugaban tsaron kamfanin Morgan Stanley, Rick Rescorla, ya riƙa tilasta wa ma'aikata, har da manyansu, gwajin sauka ta matakala. Ranar 11 ga Satumba, 2001, kusan dukkan ma'aikatan kamfanin su kimanin 2,700 sun fita da ransu. Shi kansa ya koma ciki neman waɗanda suka rage, ginin ya rufta da shi.