Ruwan Famfon Garinmu: Mai Tsarki Ne, To Lafiyayye Ne?

A ɗan littafinmu na bana mun zaɓi mu yi bayani a kan abin da kowa ke sha sau da yawa a yini ba tare da ya tsaya ya dube shi ba, wato ruwan famfo. Ina yake fitowa? Me ke iya ɓata shi? Kuma me ya rage gare mu?

Tsarki daban, lafiya daban

Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ana duba abu uku a jikin ruwa kafin a yi alwala da shi: launi, ɗanɗano da ƙamshi. In babu wanda ya canza a cikinsu, ruwan ya halatta ga ibada. In ma ya canza saboda ƙasar da yake kwance a kanta, nan ma ba laifi. Wannan hukunci ne na tsarki, kuma ya wadatar a wurinsa.

Sha kuwa yana da nasa awo. Ruwa na iya fitowa garau kamar hawaye, ba wari ba ɗaci, amma yana ɗauke da ƙwayar cutar da ido ba ya gani, ko wani sinadari da harshe ba ya ji. Haka kuma ruwa na iya zuwa da ja-ja saboda ƙarfen da ke cikin ƙasa, ya ɓata farar riga, amma bai cika yi wa ciki illa ba. Kun ga ke nan ido da hanci da harshe suna taimakawa, sai dai ba su isa su yanke hukunci su kaɗai ba.

Daga ina ruwan ke zuwa?

A ƙananan garuruwa irin namu, yawanci daga ƙarƙashin ƙasa ruwan ke fitowa. Ana haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a saka famfon da ke aiki da hasken rana ko da injin gazuwal ko da wutar lantarki. Shi ke tura ruwan sama zuwa shato, wannan babban tankin da ake hangowa tun kafin a shigo gari. Daga can nauyin ruwan ne da kansa ke gangaro da shi cikin bututu zuwa famfon unguwa da na gidaje. Shi ya sa in shato ya yi ƙasa, unguwannin da ke kan tudu ne ke fara rasa ruwa.

A Nijar, manyan birane da wasu garuruwa suna ƙarƙashin kamfanoni biyu. SPEN ita ke da kayan aiki, tun daga rijiyoyi har zuwa bututu. Rabon ruwa da karɓar kuɗi kuwa SEEN ce ta riƙe daga 2001, sannan tun farkon 2024 aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa NDE. Garuruwan da ba su cikin wannan tsari, alhakin ruwansu yana wuyan ofishin magajin gari, wanda ke ba wani ɗan kasuwa kwangilar gudanarwa, ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma ta sa ido. Yana da kyau kowane magidanci ya san a wane tsari garinsu yake, don ranar da ruwa ya lalace ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Maƙiyi na farko: ƙwayoyin cuta

Kwalara, taifot, atini, gudawar yara da wani nau'in shawara, duk hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan mai cutar zuwa bakin mai lafiya, kuma ruwa ne babban abin hawansu. Ba labarin nesa ba ne. A daminar 2018 kwalara ta ɓulla a Madarunfa cikin jihar Maraɗi, ta kama mutum fiye da 3,000. A 2021 ta sake dawowa, ta kama fiye da 5,000 a faɗin ƙasa. A 2017 kuma ciwon hanta nau'in E, wanda shi ma ruwa ke yaɗawa, ya addabi jihar Difa, kuma mata masu juna biyu ne ya fi yi wa ɓarna.

Masu awon ruwa suna neman wata ƙwaya mai suna E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum da na dabba. In an gan ta a ruwa, to ba sai an faɗa ba, kashi ya shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ita ce kada a samu ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

To yaya kashi zai shiga ruwan da ya fito daga rijiya mai zurfi? Ga yadda abin ke faruwa. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, waje ruwan zai riƙa fita. Amma da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai tsagar ta koma tana tsotso abin da ke kewaye da ita. In bututun ya ratsa ta kwata ko ta kusa da masai, kun san abin da zai tsotso. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan farko bayan an daɗe ba ruwa ya fi kowane haɗari. A bar shi ya zuba har ya washe, a yi wanki ko ban ruwan shuka da shi. Haka nan da damina, lokacin da ambaliya ke cika masai ta kwanta a kan bututu, sai a ƙara kula.

Maganin wannan shi ne sinadarin kulor, ɗan uwan ruwan jabel ɗin nan da muke wanki da shi. Ana zuba shi daidai gwargwado a shato, ana kuma so ya iso bakin famfo da ɗan saura, tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, don ya ci gaba da kashe abin da ya shiga a hanya. Saboda haka in Inna ta ji ɗan ƙamshin jabel a ruwa, kada hankalinta ya tashi: alama ce cewa mai gadin yana nan. In ƙamshin ya dame ku, a bar ruwan ya ɗan huta, zai ragu. Wani lokaci kuma ruwa kan fito fari fat kamar an dama nono, mutane su ce magani ya yi yawa. A zuba a kofin gilashi a jira minti biyu. In ya washe daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai.

Maƙiyi na biyu: abin da ke cikin ƙasa

Wannan ya fi wuyar ganewa, domin ba ya kayar da mutum a kwana ɗaya. Misalin da duk ƙasar nan ta sani shi ne na Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake, mutane suka yi murna. Ashe duwatsun da ke ƙarƙashin wurin suna ɗauke da sinadarin fulor mai yawa. Iyakar da OMS ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, na Tibiri kuwa awo ya nuna ya ninka haka fiye da sau uku. An shafe shekara fiye da goma ana sha. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwansu ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin.

Fulor kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ma ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa sai ya taru a haƙori da ƙashi. Yara ƴan ƙasa da shekara 8 ya fi kamawa, don lokacin ne haƙoransu ke ginuwa. Mu da ke ƙasar zafi kuma mun fi shan ruwa, don haka abin da ke shiga jikinmu ya fi yawa. Alamar farko ita ce fararen ɗigo-ɗigo a haƙori, daga baya su koma ruwan ƙasa. In yara da yawa a unguwa ɗaya suna da irin wannan haƙori alhali ba goro suke ci ba, bai kamata a yi shiru ba.

Akwai kuma nitarat, wanda ke tsiyaya cikin ƙasa daga masai, da turken dabbobi, da takin zamani. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ya fi cutarwa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska, har leɓensu ya yi shuɗi. Ga ƙarin dalili ke nan na shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba tare da ɗura masa ruwa ba. Shi ya sa kuma ake son a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fulor ko nitarat. Hasali ma in aka daɗe ana tafasawa, ruwa ya ƙone, sinadarin ƙara kauri yake yi. Jabel ma ba ya taɓa su. Maganinsu sai awo a ɗakin gwaji, sannan a canza rijiya, ko a gauraya da ruwan wata rijiyar, ko a kafa matata ta musamman. Wannan aikin hukuma ne, ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Tsakanin famfo da baki

Sau da yawa ruwa kan fito lafiya lau daga famfo, mu ne ke ɓata shi da hannunmu. Bidon ɗin da ya yi gansakuka a ciki, tiyon da ke kwance cikin taɓo a bakin famfo, randar da ba murfi, moɗar da yaro ya ajiye a ƙasa ya sake tsoma ta, duk ƙofofi ne. Mu ɗalibai ma ba mu fita ba: butar da aka shiga bayi da ita, a dawo a kafa mata baki a sha. Ga abin da ya dace a yi:

1. A wanke randa da bidon da sabulu a kai a kai, a rufe su. A tambayi ɗan garuwa ma ko yana wanke nasa.

2. Moɗar ɗiba ta zama mai dogon mariƙi, a rataye ta, kada a sha da ita. A zuba a kofi.

3. In ana shakkar ruwa, a dafa shi har ya tafasa sosai na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe.

4. Ko a sa ƙwayar Aquatabs. Wadda aka saba sayarwa ta bidon mai lita 20 ce, amma a karanta kwalin, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. A jira minti 30 kafin a sha.

5. In ruwan ya yi dauɗa, a fara kwantar da shi da alif ko garin ƴaƴan zogale, a tace, sannan a sa magani. Kwantarwa kaɗai ba ta isa ba.

6. In ba itace ba ƙwaya, a cika gorar roba mai haske da ruwa garau, a kwantar da ita a rana awa 6. In da hadari sosai, kwana biyu.

Tacewa da ƙyalle tana da nata tarihi. Tana cikin dabarun da suka kori kurkunu, har OMS ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Amma ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu manya ne in an gwada su da ƙwayar taifot, wadda ke wucewa ta ƙyalle salin alin.

In kuwa gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙunshi da ake samu a gidan likita, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In zawon ya yi kama da ruwan shinkafa, ko da jini, ko yaron ya kasa sha, ba jira sai likita, ko da tsakar dare ne.

Haƙƙinmu ne mu tambaya

A ranar 28 ga Yuli 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwan sha mai tsabta haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. A shekarar ce kuma Nijar ta kafa dokarta ta ruwa. Tun da kuɗi muke biya, ko a kan takardar wata ko a bakin famfo, ba rashin kunya ba ne magidanci ya tambayi mai kula da ruwa: yaushe aka yi awo na ƙarshe? An auna fulor da nitarat, ko ƙwayoyin cuta kawai aka duba? Yaushe aka wanke shato? Kullum ake zuba kulor? Muna roƙon iyayenmu da ke cikin ƙungiyar masu amfani da ruwa su nemi a riƙa liƙa sakamakon awo a inda kowa zai gani, a kuma karanta shi da Hausa ga wanda bai iya Faransanci ba. Darasin Tibiri ke nan: da an auna da wuri an kuma faɗa wa mutane, da yara da yawa sun tsira da ƙafafunsu.

Mu kuma ɗalibai ga namu rabon. In mun ga bututu ya fashe a hanya, mu gaya wa mai unguwa ko mai kula da famfo a ranar, kada mu ce wani zai faɗa. Mu raba butar bayi da kofin sha a makaranta. Mu wanke randar ajinmu bi da bi, mu wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi da kuma kafin cin abinci. Mai ƙane a gida ya riƙa duba haƙoransa.

Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kare garinmu daga annoba. Amin.